A Yi wa Littafi na Shida Adalci

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in tsoma baki a muhawarar da 'yan'uwana masu karatun littattafan yaƙi suke yi a shafin adabi. Na karanta wasiƙun da kuka buga a kan littafi na shida na wani dogon labarin jarumai da muka daɗe muna bi, kuma duk bakinsu ɗaya: littafin lami ne, marubucin ya gaji, kuɗinmu kawai yake so. Ba zan kama sunan littafin ko mai shi ba, waɗanda suka karanta sun san inda na dosa. Ni dai ina ganin an zalunci na shidan nan.

Ni tela ne a Fagge. Tun ina yaron shago nake tsallakawa kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira kasuwar Abubakar Rimi, in sayi littafi ko in karɓi haya, in ɓoye a ƙarƙashin tarin yadi kada maigidana ya gani. A nan na fara gamuwa da Malikussaif na Aliyu Abubakar Sharfaɗi, daga baya kuma da littattafan Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Gobarar da ta ci kasuwar a watan Maris na 2016 ta sa na daɗe ban leƙa ba, kuma da na koma na tarar harkar ta fara ƙaura zuwa cikin waya. Yau a shagona ba a buɗe takarda. Yarana suna jona waya da sifika, mai karatu yana zuba, keke yana gudu. Saboda haka ba ra'ayina kaɗai na sani ba. Ina kallon fuskokin samari huɗu a kullum, ina ganin inda ƙafa take tsayawa a kan feda saboda labari ya kai wuya, da inda ake ci gaba da hira ba a ma san ana karatu ba.

To ga abin da na gani. Littafi na huɗu da na biyar, waɗanda masu wasiƙun suke ta yabo, su ne aka fi yin surutu ana karanta su a shagon nan. A na ɗaya jarumin yaro ne, maraya, da takobin aro. Ranar da ya fara karawa da dakaru uku, ƙaramin yarona ya ɗinke hannun riga a baibai, sai da muka farke. A na uku ya kashe maridi. A na huɗu maridan sun zama dubu, kowanne tsawonsa kamu ɗari. A na biyar aka kawo wani matsafi da ya fi duk na baya, ga kambun tsafi, ga madubin da ke nuna abin da ke bayan tekuna bakwai, aka yi kwana arba'in ana sara da suka. Wa ya ji tsoro? Babu. Kowa ya san jarumin zai taƙarƙare ya kwarara ihu, ƙasa ta girgiza, a wuce wajen. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Yaran suna cewa "ya yi wuta", amma da na tambayi babbansu sunan matsafin bayan mako ɗaya, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Sai na shida ya zo, marubucin ya karya hannun jarumin na dama, ya kwantar da shi a bukkar wata tsohuwa, ya bar shi yana sauraron yadda mutanen ƙauye suke zagin sunansa ba su san shi ne a kwance ba, domin yaƙe-yaƙensa ne suka cinye musu 'ya'ya da gonaki. Kusan rabin littafin ba a zare takobi ba. Wannan ne laifin da ake kuka da shi. A shagona kuwa a wannan wajen ne na ga keke huɗu sun tsaya cak, har wani mai jiran ɗinki ya ce kada a kashe sai an kai ƙarshen babin. Bayan an gama suka ce bai yi daɗi ba. Na ce to me ya tsayar da ku? Suka yi dariya.

Ina ganin abin da ke damun mu shi ne mun saba da a ba mu abin da muka ci jiya, a ƙara cika kwanon kawai. Alhali magabatan wannan sana'a ba haka suka yi ba. A duba Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, littafi uku. A na ɗaya aku yana ba da labari ne don ya tsare Musa ɗan sarki a gida kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri, kowane dare da rai a kansa. Da Imam irin marubucin da masu wasiƙun nan suke so ne, da a na biyu sai ya kawo wazirin da ya fi wancan mugunta, a sake tsare wani ɗan sarkin. Bai yi ba. Ya mai da shi gasa tsakanin aku da wani akun, Haziƙ. A na uku kuma akun ya manyanta, ya zauna yana koyar da ɗansa Fasih. Kiɗan ya canja sau uku, shi ya sa har yau ba a ce na ukun maimaici ne. Shi kansa labarin Malikussaif, da aka ɗauko daga tsohuwar sirar Larabawa ta Saifu ɗan Zi Yazan na ƙasar Yaman, bai tsaya a kan ƙarfin damtsen mutum ɗaya ba. Akwai makircin uwarsa Ƙamariyya, akwai Aƙisa da Airud, daga baya kuma 'ya'yansa su shigo fage. Mai labarin ya san takobi ɗaya ba ya ɗaukar dogon zango.

Kada a ce ina kare marubuci ido rufe. Akwai inda masu ƙorafi suke da gaskiya, kuma ya kamata a faɗa. Littafin ya yi siriri ƙwarai. An cinye shafuka da tuna mana abin da ya faru a baya, kamar ba mu muka saya ba. An manta da wata baiwa da aka bari ɗaure a kurkuku tun na huɗu, ko ambatonta ba a yi ba, kuma wannan sakaci ne, ba hikima ba. Sannan ga tsohuwar cutar nan ta yanke labari ana tsakiyar ɗaga takobi a ce mu haɗu a na gaba. Na san dalilinta. Tun zamanin da ake kiran harkar adabin kasuwar Kano, marubuci ne yake buga abinsa da kuɗinsa, ya kai wa dillali, sai na ɗaya ya fita sannan a sami kuɗin takardar na biyu. Dole ya rataye mai karatu. Amma rataya daban, shaƙewa daban. Ni ma idan na karɓi shaddar mutum na ce ya dawo Alhamis, Alhamis ta uku ba ya gaishe ni.

Wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Bayero, mai karanta irin waɗannan na Turawa, ya ce mini su ma can haka suke fama. Wani Ba'amurke, Robert Jordan, ya fara The Wheel of Time a 1990. Da na goma ya fito a 2003 masu karatu suka yi ta kuka cewa labari ba ya motsi. Ya rasu a 2007 bai gama ba, sai Brandon Sanderson ya ƙarasa, aka rufe a littafi na 14 a 2013. Shi kuwa George Martin, wanda aka yi fim ɗin Game of Thrones daga littattafansa, na biyar ya fito a 2011, an shafe fiye da shekara goma ana zuba ido ga na shida. Na ce masa ashe mu namu ma da sauƙi, ko siriri ne dai ya fito.

Abin da nake tsoro, ya Edita, shi ne marubutanmu suna jin mu. Yanzu ba sai sun jira dillali ya gaya musu abin da kasuwa take so ba, saƙo yana shigo musu waya tun kafin tawada ta bushe. Idan wanda ya yi ƙarfin hali ya kwantar da jaruminsa ya ga mun yi masa caa, a na bakwai zai warkar da hannun a shafi na biyu da wani tsimin aljanu, ya kawo mana maridai dubu goma. Mu kuma mu tafa, mu manta kafin sati. Roƙona gare shi, in wannan wasiƙa ta isa inda yake, ya bar hannun nan a karye. Ya sa jarumin ya koyi riƙe takobi da hagu, ya sha kashi a hannun wanda da can ba ya iya kallonsa. Ya kuma taimaka ya fito da baiwar Allah nan daga kurkuku, littafi biyu ke nan tana ciki.

 

Naku,
Wani tela mai karatu,
Fagge, Kano.