Na Biya Kuɗi, Don Me 'Yata Take Zaman Benci?

A wannan wata za mu ɗan bar aji mu leƙa filin wasa, domin akwai wata wuta da take ci a tsakanin iyaye. Ƙarama ce a ido, amma tana raba zumunci, kuma a kan 'ya'yanmu take ƙarewa.

Maganar ƙwallon raga nake yi, wato wasan nan da ake ɗaura raga a tsakiyar fili, a riƙa buga ƙwallo da hannu tana tsallakawa. Wani malamin motsa jiki ne a Amurka, William Morgan, ya ƙirƙiro shi a shekarar 1895, ya kuma shiga gasar Olamfik a 1964. Iyaye da yawa sun fi sakin jiki da shi ga 'ya'ya mata, saboda raga ta raba ɓangarori biyu, babu ture-ture babu kokawa. Sutura ma ba ta hana shi. A gasar Olamfik ta 2016 a Brazil, wata 'yar Masar, Doaa Elghobashy, ta buga irin wanda ake yi a kan rairayi da ɗankwalinta da dogon wando, duniya tana kallo.

A nan Zuru abin namu bai kai na manyan birane ba. Galibi ƙungiyar makaranta ce, ko 'yan matan da malamin wasanni ya tara yake horarwa da yamma. To amma ko ƙungiya ta kai ƙanƙantar me, sai an sayi ƙwallo da raga da riguna, in kuma za a je wasa wani gari sai an biya mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Sai a yanka wa iyaye wani abu. Ke kuma uwargida, wataƙila daga kuɗin adashinki ko ribar ƙuli-ƙulinki kika cire kika bayar. Ranar wasa yarinya ta dawo ido ya yi ja, ta ce, "Mama, ko sau ɗaya ba a sa ni ba." Daga nan fa sai zuciya ta hau.

Kafin ki yafa mayafi ki nufi makaranta, tsaya ki ji yadda wasan yake. Mutum 6 ne kacal suke shiga fili a kowane ɓangare, alhali ƙungiya takan kai mutum 12 ko fiye. Ke nan tun kafin a busa usur, rabinsu suna benci. Ana buga wasan turmi-turmi ne, kowane turmi maki 25, in ban da na raba gardama da yake tsayawa a 15. A dokar hukumar ƙwallon raga ta duniya, canji 6 kawai aka yarda koci ya yi a turmi guda. Yarinyar da aka fara da ita, in aka fitar da ita, sau ɗaya za ta iya komawa a wannan turmin, kuma sai a gurbin wadda ta canje ta. Fita da komawar nan sun cinye canji 2 ke nan. Sannan kowace da aikinta: akwai mai ɗaga ƙwallo, akwai masu dukanta a bakin raga, akwai mai tsaron baya da ake kira libero, wadda rigarta ta bambanta da ta sauran. Idan 'yarki mai ɗagawa ce kuma akwai wadda ta fi ta gwaninta, ba za a ɗauke ta a kai ta gurbin mai duka don kawai a faranta miki ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, kuɗin da kika biya na horo ne, da kayan wasa, da mota. Ba su sayi wuri a cikin fili ba. Ai kuɗin makaranta ma muna biya, amma ba mu taɓa cewa dole a ba 'yarmu ta ɗaya a aji don mun biya ba. Haƙƙinki shi ne a koya mata kamar yadda ake koya wa kowa, a kula da mutuncinta, a kuma gaya mata gaskiyar abin da ya rage mata.

Wannan ba ya nufin koci ya yi yadda ya ga dama. Shi ma amana aka ba shi. Yarinya 'yar shekara 11 ko 12 da take koyo, in ba a sa ta a wasa ba, yaushe za ta iya? A wasannin sada zumunci da na gidajen makaranta, adalci shi ne kowace ta taɓa ƙwallo. In an zo tankaɗe da rairaya don wakiltar jiha, kamar a gasar matasa ta ƙasa ta 'yan shekara 15 zuwa ƙasa, wadda aka yi a Asaba a 2023 da 2024, nan kam gwaninta ce take magana. Abin da ake bukata shi ne a bambanta wa iyaye waɗannan biyun tun farkon zango, kada a bari sai ranar wasa.

Mu dawo kan kuɗi, don nan ne zargi ya fi yawa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In addini ya ba rubutu wannan muhimmanci a harkar kuɗi, me zai sa mu tara kuɗin yara da baki kawai? Ki nemi a rubuta nawa ne, na mene ne, kuma wa zai riƙe. A ce yara 15 ne, kowace uwa ta ba da naira 2,000, an sami naira 30,000 ke nan. A zaɓi uwa ɗaya ta riƙe littafi, wata ta riƙe kuɗin, a bar koci da aikin horarwa, shi ma ya huta da zargi. Ƙarshen zango a karanta wa kowa abin da ya shiga da abin da ya fita. A kuma yanke tun wuri: in an fasa tafiya za a mayar da kuɗin mota? In yarinya ta ji rauni ta daina zuwa fa? Marainiya da 'yar wanda ba shi da hali, wa zai ɗauke musu? Kada a kori yarinya daga fili a gaban ƙawayenta don uwarta ba ta cika kuɗi ba. Wannan tabo ne da yake daɗewa bai warke ba.

A cikin abin da za a rubuta har da lokaci da tsaro. Horo kada ya ci lokacin Islamiyya. Tunda yawancin Islamiyyunmu suna hutun Alhamis da Juma'a, ga ranakun horo nan, a kuma tashi kafin magariba. Kada yara su tafi ko'ina ba tare da malama mace ba. Da yanayin hanyoyinmu a yanzu, tafiya Birnin Kebbi ko Yauri ko Kontagora da rana za a yi ta, da sanin maigida da amincewarsa.

To in duk da haka ranki ya ɓaci fa? Ba mu kaɗai ne da wannan matsala ba. A Amurka, inda iyaye suke biyan dubban daloli a kakar wasa guda, ƙungiyoyi da yawa sun kafa doka cewa ba a yi wa koci ƙorafi sai an yi awa 24 da tashi daga wasa. Mu ma ai Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ki kwana tukuna. Washegari ki zaunar da 'yarki ki tambaye ta a hankali: tana zuwa horo kullum? Tana zuwa a kan lokaci? Sau da yawa amsar tana nan. Daga nan ki koya mata ta je da kanta, cikin ladabi, ta ce, "Malam, me zan gyara don a riƙa sa ni?" Wannan tambaya za ta yi mata amfani har gidan aure da wurin aiki. In abin bai warware ba, ki je ke da maigida ko wata babbar mace, ku gana da shi a makaranta, ba a bakin fili ba. Ki yi maganar 'yarki kaɗai, kada ki kawo sunan 'yar wani. In nan ma ya faskara, akwai shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai.

Abu guda ne ba ya jiran kwana: in yarinya ta ce ana taɓa ta, ko ana keɓewa da ita, ko ana yi mata maganar banza. Wannan a ranar za ki tashi, ki sanar da maigida da hukumar makaranta.

Sai kuma wani jan hankali da ya shafe mu musamman a ƙasar Zuru. Allah Ya haɗa mu zama, Dakarkari da Hausawa da Fulani da sauransu, Musulmi da Kirista, wani lokaci ma a gida ɗaya. Abu ne mai sauƙi uwa ta ce, "Ai don ba 'yarsu ba ce," ta faɗa a gidan suna ko ta tura a WhatsApp. Kafin la'asar maganar benci ta zama maganar ƙabila da addini. 'Yar uwa, ki ji tsoron Allah da irin wannan furuci in ba ki da hujja. Magana zarar bunu ce. Suratul Hujurat ta hore mu da bincika labari kafin mu ɗau mataki, ta kuma hane mu yawan zato. In kuwa son kan ya tabbata, ki kai shi inda za a gyara, da shaidarki a hannu.

Na san yarinyar da aka cire daga ƙungiya cikin fushi saboda wasa ɗaya da ba a sa ta ba. Iyaye sun daɗe da shiryawa, suna gaisawa a kasuwa, ita kuwa kunya ta hana ta komawa har ta gama makaranta. Kada ki bari 'yarki ta biya kuɗin fushinki. Farkon zango mai zuwa, tun kafin ki miƙa ko sisi, ki nemi a zauna a rubuta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.