Daga Bakin Rumfa: Harsashi nawa ke isar mai bindiga?

Na yi alkawari makon jiya cewa zan ƙarasa maganar canjin sefa da sidi. Ku yi mini afuwa, wata magana ta sha gabanta, kuma tun da na ji ta take yi mini yawo a ka.

Ina da ɗan ƙanwa da ke tuƙin babbar mota a jihar Teksas ta Amurka, shekararsa 9 ke nan a can, da mata da yara biyu. Ran Lahadi bayan na dawo daga sallar isha'i ya kira ni ta WhatsApp, na gan shi dafe da ƙugu. Na ce, "Lafiya, ɗana?" Ya ce, "Kawu, bayana ne ya riƙe. Maƙwabcina na taya kwashe kaya, zai tashi."

Maƙwabcin nan wani dattijon Bature ne, mai gyaran famfo da ya ajiye aiki, mai jikoki. In sun yi tafiya shi ke duba musu gida. Da kwasar kaya ta kai ɗakin ajiya, sai ga wasu akwatunan ƙarfe koraye irin na soja jere a kan kanta, ƙanana a ido, amma kowanne sai ka yi nishi kafin ya bar ƙasa. Harsasai ne a ciki. Yaron ya tambaye shi ko guda nawa ne. Dattijon ya sosa ƙeya ya ce ya daina ƙirga tun da suka haura dubu 12.

Na ce, "Innalillahi! Dillalin makamai ne?" Ya yi dariya ya ce, "A'a Kawu, a cikin abokansa ma shi ake yi wa tsiya wai nasa sun yi kaɗan." Daga nan ya sassauta murya. Wai da suka gama, dattijon ya ba shi kyautar kwali ɗaya mai harsashi 50, ya ce ya ajiye kafin ranar da zai sayi tasa bindigar. "Kawu, ina kwana a hanya, iyali su kaɗai a gida. Takarduna na zama sun cika, doka ta ba ni dama. In saya?"

Ban ba shi amsa a daren ba. Na ce ya ba ni kwana uku.

Sai mu fara da yadda abin yake a can. Tun 1791 kundin tsarin mulkin Amurka ya ba mutane 'yancin mallakar makami. Wani ƙiyasi da cibiyar Small Arms Survey ta fitar a 2018 ya nuna akwai bindiga kusan miliyan 393 a hannun farar hula, wato bindigogin sun fi mutanen ƙasar yawa. Dokar tarayya ba ta ƙayyade yawan harsashin da mutum zai ajiye a gidansa ba. A yawancin jihohi, in shekarunka sun kai, za ka shiga kanti ka saya kamar mai sayen sabulu. Kalifoniya na cikin 'yan tsirarun da suka tsaurara, don a 2019 ta fara binciken mai saye kafin a miƙa masa. A 2024 har na'urar sayar da harsashi aka kafa a wasu kantunan abinci na Alabama da Oklahoma da Teksas, irin wadda ake sayen lemo a cikinta, sai dai ita tana duba katin shaida da fuskar mai saye.

Awonsu ma irin namu ne na kasuwa. Harsashin ƙaramar bindiga mai lamba 9mm 50 ne a kwali, 1,000 a katan, nauyin katan ɗin kusan kilo 12. Na babbar bindigar farauta 20 ne a kwali. Na bindigar harbin tsuntsu 25. Ɗan ƙaramin nan mai lamba .22, wanda ake koya wa yara harbi da shi, ana ɗaure shi 500 a ƙunshi ɗaya, suna kiran ƙunshin bulo.

To me ya sa mutum zai tara dubbai? Wasu dalilan, duk ɗan kasuwa zai gane su nan take. Na farko, ana cinye shi. Harbi a wurinsu wasa ne, kamar yadda yaranmu ke zuwa ƙwallo. Mutum ya je filin koyon harbi ran Asabar, kafin la'asar ya ƙona 200 ko 300 a jikin takarda. Mai zuwa sau biyu a wata, katan ɗaya ba ya kai shi wata uku. Na biyu, sari ya fi sauƙi, katan ya fi kwali arha. Na uku, kaya ne da ba ya ruɓewa. In ya sami wuri busasshe marar zafi, sai ya yi shekaru gommai lafiya lau. Ni mai albasa, wannan kaɗai ya isa in yi musu hassada. Na huɗu, kowace bindiga da irin abincinta, mai bindiga biyar tulinsa biyar ne.

Amma babban dalilin shi ne tsoron yankewa, kuma sun sha gani. A ƙarshen 2008, da aka zaɓi Barack Obama, raɗe-raɗin za a tsaurara doka ya sa aka yi wa kantuna wawa. A Disambar 2012 wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook ya kashe yara 20 da manya 6. Aka taso da maganar sabuwar doka, sai sayen ya ƙara haukacewa. A farkon 2013 kantunan Walmart suka ƙayyade kwali uku ga mutum ɗaya a rana. Ɗan ƙaramin .22 ya yi ɓatan dabo na tsawon shekaru. Mutane kan yi sammako su jira motar kaya, su kwashe, wasu su sake sayarwa da tsada a intanet. Sai 2020 ta zo da korona da zanga-zangar kisan George Floyd da zaɓe, duk a shekara ɗaya. Hukumar FBI ta yi binciken da ya shafi sayen bindiga sau kusan miliyan 40 a shekarar, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Miliyoyin sababbin masu bindiga suka shigo layi, farashin 9mm ya ninka wajen sau uku.

Ku duba da kyau, a duk lokutan nan masana'antu ba su rufe ba, dare da rana ma suke aiki. Abin da ya faru shi ne wanda ya saba sayen kwali biyu ya ga kanta ta fara ragewa, sai ya sayi goma. Na bayansa ya tarar da wayam, ya rantse ranar da ya samu katan zai ɗauka. Tsoron yankewa shi ya kawo yankewar. Da kaya suka dawo, wanda ya taɓa shan layi bai manta ba. Dattijon nan ya gaya wa ɗana cewa tun 2013 duk wata sai ya sayi wani abu ya ɗora, ko yana bukata ko ba ya bukata. In ka ce masa me ya yi zafi, amsarsa ba ta wuce abin da mu ma muke faɗa ba: ba a fafe gora ranar tafiya.

Ban isa in yi masa dariya ba. A ƙarshen Yulin 2023, da aka yi juyin mulki a Nijar, ECOWAS ta rufe iyaka, motocin albasar Galmi suka maƙale a hanya, farashi a nan Kumasi ya yi tashin gwauron zabo. Na shiga kasuwa na saye duk buhun da idona ya gani, har da kuɗin bashi, na cika sito na kulle. Lissafina bai wuce kada in wayi gari ba ni da kaya ba. Ban tsaya na tambayi kaina buhu nawa nake iya sayarwa a mako ba. Damina ce, danshi ya shiga. Kusan rabi da shebur muka kwashe shi. Uwargida ta ce, "Alhaji, kai da ka shekara talatin a sana'ar nan?" Na rasa bakin magana. Bukata tana da mudu, ana iya auna ta. Tsoro kuwa ba shi da mudu, ko nawa ka zuba masa sai ya ce ƙaro.

Wannan shi na gani a akwatunan dattijon. Maharbin barewa a Amurka kan yi shekara biyu ko uku da kwali ɗaya mai 20, don harbi ɗaya ko biyu yake yi a kakar farauta. Kakana na wajen uwa maharbi ne, albarushinsa a ƙahon sa yake, bai cika tafin hannu uku ba, da shi ya ciyar da gida. Mai tsoron ɓarawo, ƙaramar bindigarsa harsashi 15 zuwa 17 take ɗauka, kuma ɓarawo ba ya tsayawa a buɗe katan. Mai wasan harbi, a ba shi na wata shida, a ce dubu biyu ko uku. Abin da ya haura haka, na wata rana ce da mutum yake hangowa a zuciyarsa, ranar da hukuma za ta rushe, kowa ya zama abokin gaban kowa. Irin wannan rana ba ta da adadin da zai ishe ta.

Bambancinmu da shi, tawa albasar da ta ruɓe aljihuna kawai ta ci. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Tun 2020 bindiga ta wuce hatsarin mota a jerin abin da ke kashe 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar. Baƙin ciki na dare ɗaya, ko yaro mai binciken durowa, harsashi ɗaya ya ishe su.

Sannan abin da ba ka ƙirga ba, ba ka sanin ya ɓace. Daga ƙarshen 2023 zuwa 2024 an kama Amurkawa biyar a tsibiran Turks da Kaikos, wurin shaƙatawa da ke ƙarƙashin Birtaniya, saboda ragowar harsasai da suka ce sun manta a jakar tafiya. Wani huɗu aka samu, wani biyu. A lokacin dokar wurin ɗaurin shekara 12 ta tanada. Yawancinsu sun tsira da tara, amma bayan an hana su komawa gida makonni, wasu watanni. Wasu ƙasashen ƙirgawa suke yi tun daga tushe. A Afirka ta Kudu mai lasisi na gama-gari ba ya wuce 200 ga kowace bindiga. Suwizalan ta daɗe tana ba sojojinta gwangwani rufaffe mai harsashi 50 su ajiye a ɗaki, a 2007 ta yanke shawarar karɓe abinta.

A nan maganar ta iso bakin rumfarmu. Bindiga kan yi shekara arba'in tana aiki, amma in ba harsashi sanda ce. Shi ya sa masu ta'asa a dazuzzukanmu kullum cikin neman sa suke, kuma ba ta sama yake zuwa musu ba, ta hanyoyin da muke bi yake bi, cikin buhu da kwali irin namu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta haɗa har da harsashi. A Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru, riƙe shi ba lasisi laifi ne da ke kai mutum gidan yari, kuma a shingen bincike "ban sani ba" ba ta fid da kowa.

Don haka, ɗan uwa, in aka ba ka saƙo a tasha, buɗe shi a gaban mai shi. In ya ce sirri ne, ka ce motarka ta cika. Kwali ƙarami mai nauyin da ya fi girmansa, ka yi hattara da shi. Masu sayo motocin Amurka na hannu ta Kwatano ko Lome ko Tema, kafin ku hau hanya ku duba aljihun gaba da ƙarƙashin kujera da wurin safaya, don kun ji irin gidajen da wasunsu suka fito. Haka jakunkunan gwanjo. Wanda ke da lasisin bindigar farauta kuma, ya san adadin harsashinsa kamar yadda ya san kuɗin aljihunsa, ya kulle bindiga daban, harsashi daban, makulli a jikinsa.

Ran Laraba na kira ɗana. Na ce, "Ni ba zan ce ka saya ko kada ka saya ba, kai ka san unguwarku. Amma ka amsa mini uku. Don me? Guda nawa za su ishe ka, ka faɗi adadin yanzu kafin tsoro ya faɗa maka nasa? Kuma in kana Oklahoma da mota, makullin yana hannun wa, alhali babban ɗanka shekararsa 6 kuma ba abin da ba ya buɗewa?" Ya yi shiru. Na ce, "Ka tambayi maman yara?" Ya ce, "Ban gaya mata ba tukuna, Kawu." Na ce, "To wannan ce tambayar farko, ni na sa ta a ƙarshe."

Jiya ya aiko mini da saƙon murya. Sun yi magana da ita. Sun ƙara fitila a ƙofa, sun canja makullai, maganar bindiga an ɗage ta sai yara sun yi wayo. Kwalin nan kuma ya tuƙa har sabon gidan dattijon ya mayar masa, ya yi godiya. Wai dattijon ya karɓa, ya buɗe ɗaya daga cikin akwatunan zai saka, ya tarar ba wuri.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Maganar sefa da sidi tana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mana hanya, ya kai mu gida lafiya.