Sharhi: Yaƙi da Zazzaɓin Cizon Sauro a Boɗinga da Shagari, Daga Cikin Gida Yake Farawa

Idan za a iya tunawa, a ranar 25 ga Afrilu, 2000, shugabannin ƙasashen Afirka suka hallara a Abuja suka ɗauki alkawarin rage mace-macen da zazzaɓin cizon sauro ke haddasawa. An samu ci gaba, domin yawan yara 'yan ƙasa da shekara biyar masu ɗauke da ƙwayar cutar a Nijeriya ya sauka daga kashi 42 cikin ɗari a 2010 zuwa kashi 22 a 2021. Amma a Jihar Sakkwato, binciken na 2021 ya nuna cewa fiye da yaro ɗaya cikin uku na ɗauke da ita.

A ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, cutar ta fi ƙamari daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da magidanci ya fi bukatar ƙarfinsa a gona. Kududdufai da ramukan ginar ƙasa, da ruwan da ke kwance a kewayen madatsar ruwa ta Shagari, duk matattarar sauro ne.

Tun daga 2015 ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi a jihar nan, gida-gida, sau ɗaya a wata a lokacin damina, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012. Abin lura a nan shi ne, maganin na kwana uku ne. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko a gabansa, na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa yake barinsu. Idan ta manta, ko ta adana su sai yaro ya kwanta, ko ta raba wa ƙannensa da yayyensa, kariyar ta raunana. Haka ma gidan sauro: wanda aka naɗe a akwati, ko aka kewaye lambu da shi, bai tsare kowa ba.

Saboda haka, a ganinmu, nauyin ya rataya a wuyan kowa. Maigida ya yi wa masu rabon magani izinin shiga, ya kuma bar mai juna biyu ta je awon ciki, inda ake ba ta nata rigakafin. Uwayen ƙasa da masu unguwanni, daga Sifawa da Danchadi har Kajiji da Dandin Mahe, su sanar da ranakun rabo tun da wuri, su sa a cike ramuka ta hanyar aikin gayya. Limamai su yi koyi da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda tun 2009 ya shiga gaba wajen haɗa kan shugabannin addinai domin yaƙar cutar. Jami'an lafiya na ƙananan hukumomin biyu kuma su riƙa komawa gidaje a rana ta uku, su tabbatar an shanye maganin.

Daga ƙarshe, duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar, kada a jira sai ya fara sanƙarewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu damina mai albarka da lafiyar cin amfaninta, amin.