Akwatin Ɗan Koyo da Gidajen Dara Talatin

A hutun da ya wuce na je gida Zuru, na tarar ɗan yayata ya dawo daga karatu a ƙasar waje da wani akwatin kwali da ya ji jiki. Bayan sallar isha'i ya baje shi a kan tabarma, yara biyar suka kewaye shi. Na zauna gefe da niyyar yi musu faɗan ɓata lokaci, sai ga shi sha biyun dare ta same ni ina ba wata 'yar shekara goma shawarar kada ta shiga kogon da ɓarayi suka ɓuya.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. Tatsuniya ce da ake ƙagawa tare. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda ya faɗi abin da zai aikata, sannan a jefa ɗan lido, wani mai fuska har ashirin, ya yanke ko abin ya yiwu. Cikakkun dokokinsa littattafai ne masu kauri, waɗanda ganinsu kaɗai kan kori baƙo. Shi ya sa tun 1977 masu wasan suka fara fitar da ƙaramin akwati domin ɗan koyo, suka sake shi a 1983 cikin jan kwalin da ya yi suna. Wanda yaron nan ya kawo na 2014 ne: taƙaitattun dokoki, labari guda shiryayye, jarumai biyar da aka riga aka tsara, da 'ya'yan lido shida.

Na tambaye shi dalilin da ya sa bai yar da shi ba, tunda ya ce ya daɗe da wuce matakinsa. Ya ce, “Kawu, manyan littattafan nawa ne ni kaɗai. Wannan kuwa shi nake buɗewa duk ranar da na yi baƙo.” Amsar ta tsaya mini a rai, domin ta tuna mini da dara.

Mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa littattafan Turawa masu bayanin wasannin duniya, in sun zo kan dara, sunan Dakarkari suke ambata, wato Lelna, mutanen ƙasar Zuru. Yadda na koye ta, gidaje talatin ake tonawa a ƙasa, layi biyar kowanne da gida shida. Ɗaya ya riƙe kara goma sha biyu, ɗaya tsakuwa goma sha biyu. A dasa su bi da bi, sannan a fara matsawa gida ɗaya-ɗaya. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa guda, jeri huɗu kuma ba ya ci. Dokar ke nan, amma mutum kan yi furfura bai ƙure ta ba. Har cikin harshe ta bar mana gado, tunda kullum muna cewa dara ta ci gida, ko da mai faɗin bai taɓa tona gidan dara ba.

To, dara ba ta taɓa bukatar akwati ba, saboda akwatinta mutum ne. Wani dattijo ne a gindin bishiyar unguwarmu ya zaunar da ni, ya bar ni na ci shi sau biyu da gangan, a na uku ya share ni tas, ya ce gobe in dawo. Irin wannan zaman ya ja baya. Wasu dattawan sun rasu, matsalar tsaron da ta taɓa ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba ta tarwatsa majalisu da dama, matasa kuma hankalinsu na kan waya. Cikin yara biyar ɗin nan babu wanda ya san yawan gidajen dara. Lido da karta kuwa duk sun iya, kuma ban ga laifinsu ba: waɗannan a shirye suke zuwa daga kanti, wanda ya saya ya buɗe ya fara.

Na san akwai masu cewa sanya dara a kwali rage mata daraja ne, wasan ƙasa a ƙasa ya kamata ya zauna. Ina girmama wannan ra'ayi, sai dai ban yarda da shi ba. Yaron da ya koya a kan katako zai iya tona rami gobe. Wanda bai koya ba, ko a gaban ramin aka ajiye shi, kallo kawai zai yi.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kafintan unguwa ba: allo mai gidaje talatin, 'ya'ya ashirin da huɗu kala biyu, da takarda guda mai dokoki da Hausa da C'lela. Ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru za su iya zama da dattawan da suka rage su rubuta bambancin dokar wannan gari da wancan, a baje kayan a bikin Uhola.

Washegari da la'asar na tona gidaje talatin a tsakar gida, na aiki yaran su samo kara da tsakuwa. 'Yar shekara goman nan na bar ta ta ci ni sau biyu. Na uku ban bar mata ba, amma ta ci.