Wanda ya san "ci", bai kamata "run" ta ba shi tsoro ba

Kwanakin baya, a gidan yayata da ke Badarawa, 'yarta mai shirin rubuta jarrabawar WAEC ta kawo mini littafinta na Turanci in duba mata wani aiki. Jimlar da ta tsaya mata a wuya ita ce: "Her uncle runs a chemist shop." A fahimtarta, kawun nan gudu yake yi daga kemis, har ta tambaye ni ko bashi ake bin sa. Na yi dariya, amma da na buɗe shafukan baya sai jikina ya yi sanyi. Malaminsu ya jera musu kalmomi, kowace da ma'ana ɗaya tilo a gabanta: "run", gudu, "set", shirya, "get", samu. Yarinyar ba ta yi laifi ba, abin da aka ba ta shi ta mayar.

Waɗannan gajerun kalmomi su ne suka fi kayar da mai koyo, ba dogayen nan masu cika baki da ɗalibai ke haddacewa don burge malami ba. A bugu na biyu na babban ƙamusun Oxford, wanda ya fito a 1989, "set" ce ta fi kowace kalma yawan ma'ana, har 430. Da aka sake bitar ƙamusun sai "run" ta tsere mata: a 2011 aka bayyana cewa a matsayin aikatau kaɗai tana da ma'anoni 645, kuma Peter Gilliver, masanin da ya tsara su, wata tara ya shafe a kan aikin.

Wasu malaman da suka lura da haka sukan koma ɗaya ɓangaren, su cika allo da ma'anoni ashirin, su ce a haddace. Wannan ma a ganina ɓata alli ne, domin ɗan Bahaushe ya riga ya san yadda irin wannan kalma take aiki tun kafin a sa shi a makaranta.

Mu ɗauki "ci". Muna cin tuwo, muna cin zaɓe, muna cin jarrabawa. Ana cin bashi, ana cin amana, ana cin kasuwa, ana cin rani. Wuta tana cin gida, babbar riga tana cin yadi. Babu uwar da ta taɓa zaunar da ɗanta ta karanto masa wannan jeri, kuma babu yaron da ya taɓa zaton wanda ya ci sarauta tauna rawani ya yi. Philip Jaggar da Malami Buba sun wallafa nazari a 2009 inda suka nuna cewa "ci" ta fi karkata ga rinjaye da samun galaba, ita kuwa "sha" ga abin da ya auka wa mutum ya jure. Shi ya sa a filin ƙwallo wani ke cin wasa, wani ke shan kashi. Ma'anonin suna da yawa, amma akwai zaren da ya ɗinke su, kuma kalmar da ke maƙwabtaka ita ke faɗa maka wanne ake nufi.

Haka "run" take. Zarenta shi ne motsi mai ɗorewa, wanda ba ya yankewa. Bature zai yi amfani da ita ga Kogin Kaduna da ke malala, ga jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Rigasa da Idu, ga janareton da ke aiki, ga famfon da aka manta a buɗe. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Hausa ma ta bi wannan turba: muna da gudu, ruwa yana gudana, shugaba yana gudanar da mulki, mai ciwon ciki yana gudawa. Da na ce wa yarinyar nan kawun "gudanar da" kemis yake yi, ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. A wani wurin kuma hanyoyin sukan rabu. Ɗan takara a Amurka "run" yake yi, na Ingila "stand", namu kuwa ya bi na Ingila, tsayawa yake yi.

Ba na cewa Hausa za ta buɗe kowace ƙofa. "Run out of", wato abu ya ƙare maka, da "run into", wato ka yi kiciɓis da wani, sai an koye su ɗungurungum, kamar yadda baƙon Hausa zai koyi "cin fuska" ba tare da ya tsaya neman dalili ba. Na kuma san uzurin malamai: ajin Kaduna ba na Hausawa zalla ba ne, akwai Gbagyi da Bajju da Yarbawa da Ibo, kuma lokacin darasi kaɗan ne. Sai dai mafi yawan yaran da ke arewacin kogin suna jin Hausa, wanda ba ya ji kuma harshen gidansu ba zai rasa irin tasa "ci" ba. Abin da na kasa samar wa uzuri shi ne makarantun da har yau ke hukunta yaro don ya yi magana da harshen uwarsa, alhali da minti biyar na kwatanta "ci" da "run" za a warware abin da zango guda na hadda bai warware ba. Kuma batun ba na wasa ba ne: wanda bai samu kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya cinye lissafi da kimiyya.

Kafin in tafi, na bar mata aiki: duk inda ta ga "run" a jarida ko ta ji a labarai, ta rubuta jimlar gaba ɗaya, ba kalmar kaɗai ba, sannan ta nemi yadda Bahaushe zai faɗi wannan magana. Bayan mako biyu ta turo mini hoton shafin. Jimloli goma sha ɗaya ta tara, kuma a cikin biyu ne kawai wani ya ɗaga ƙafa ya yi gudu.