Mutum-Mutumi Na Jefa Ƙwallo A Mongoliya, Yaranmu Na Tura Baro A Abuja

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in faɗi albarkacin bakina a kan wani abu da na gani da idona, wanda ya hana ni barci kwana biyu.

Ni dai bakanike ne, gyaran injin ban-ruwa da janareto shi ne abincina, tsakanin Batsari da Safana nake yawo da akwatin sifanu. Wani dare muna zaune teburin mai shayi, sai wani ɗalibi da ya zo hutu ya nuna mana hoto mai motsi a wayarsa: wasu injuna masu taya suna wasan ƙwallon kwando, wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya saita ya jefa cikin raga, ɗakin wasa ya ɗauki sowa. Ya ce gasar ABU ce. Nan fa teburi ya kaure da murna, wai ashe yaran Zariya sun kai haka! Sai yaron ya yi dariya ya ce a'a, wannan ABU ɗin ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ce ta ƙasashen Asiya, sunan ne kawai ya zo ɗaya da na Jami'ar Ahmadu Bello. Murna ta koma ciki.

Daga baya na bincika. Sunan gasar Robocon, an fara ta a Tokiyo ta ƙasar Japan a 2002, kuma kowace shekara wata ƙasa ke karɓar baƙuncinta, ita ce kuma ke zaɓen aikin da za a sa injunan. Ta watan Agustan 2025 an yi ta a babban birnin Mongoliya, aikin kuwa shi ne ƙwallon kwando. Kowace ƙungiya ɗalibai ne, su ke ƙera mutum-mutumi guda biyu da hannunsu. Sai ka ci gasar cikin gida kafin ka wakilci ƙasarka. Daga nahiyarmu, Masar kan je. Mu kam ba mu ciki.

Wani dattijo a teburin ya ce, "Yo wannan ai wasan yara ne, masu ƙoshi ke yin sa. Mu da noma ke neman gagarar mu, ina ruwanmu da ƙarfe mai buga ƙwallo?" Wallahi ban ga laifinsa ba, domin wanda ya kwana da takalmi a ƙafa don shirin gudu, ba ƙwallo ke gabansa ba. Amma ina so jama'a su saurari mai sifana kaɗan.

Kafin injin ya jefa ƙwallo ta faɗa raga, sai yana da ido, wato kamara ko wata na'ura mai auna nisa. Sai yana da ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfuta da za ta lissafa ƙarfin jifa. Sai yana da mota mai juyi daidai da lissafin, kada ta zarce kada ta gaza. Sai batir mai riƙe wuta, sai walda mai kyau wadda ba za ta ɓalle ba idan aka yi karo. To jama'a, ku cire ƙwallon ku sa irin masara, me kuka samu? Injin shuka mai jefa ƙwaya a rami daidai tazara. Ku cire ragar ku sa kunyar tumatir, kun samu injin feshi wanda ba ya ɓarnar magani. Ilimin da ke gaya wa injin ya tsaya nan ya jefa, shi ne ke gaya wa famfo mai aiki da hasken rana ya kashe kansa idan tanki ya cika. Ƙwallo dai tarko ce aka ɗana wa yara don su koyi aiki suna dariya.

Shaida kuwa, gasar 2024 da aka yi a Biyetnam, noman shinkafa aka sa injunan: su dasa, su girbe, su kai rumbu. Ita Biyetnam ɗin nan ƙasar manoma ce, kuma sai a 1975 ta fita daga yaƙin da ya fi namu muni nesa ba kusa ba. Amma ɗalibanta su suka ci gasar farko a 2002, kuma tsakanin 2002 da 2018 sau bakwai suna ɗaukar kofi, a gaban Japan da Sin. Ashe ke nan tashin hankali ba ya zama hujja har abada, in dai an riƙe makaranta.

Nan ne gizo ke saƙa. Mu ba kai muka rasa ba. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da na babur, har ya ɗaga daga ƙasa. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, shi ya zana fasalin motar Chevrolet Volt a Amurka. Ɗaliban ABU ɗinmu ta Zariya ma sun ƙera mota mai suna ABUCAR don gasar Shell Eco-marathon. A ƙauyukanmu kuwa, wane ne bai taɓa ganin yaro ya yi motar kara ko ta gwangwani, ya yanka tsohon silifa ya yi mata taya ba? Abin da muka rasa shi ne tsanin da zai kai yaron nan daga motar kara zuwa ɗakin ƙira na jami'a.

Ku duba matakan tsanin yadda suka kakkarye. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutane kusan 30 a Tsauwa da Dankar nan Batsari, ƙauyuka da dama suka watse, firamare ta zama masaukin 'yan gudun hijira. A watan Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ku lura fa, ta kimiyya, inda injiniyoyin gobe ke fitowa. Alhamdu lillahi an sako su, amma gwamnati ta rufe makarantun kwana, iyaye da yawa kuma zuciyarsu ta mutu. A watan Satumbar 2021 aka yanke layin waya a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, har da Batsari da Safana, wata da watanni. A 2022 malaman jami'a suka yi yajin aiki wata takwas. A watan Oktoban 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, maƙwabciyar Safana. Yaron da ya tsallake wannan rami, wancan na jiransa.

Ina da wani yaro da ya zauna shagona bayan makarantarsu ta tsaya. Da motar tsohuwar rediyo mai kaset da batirin waya ya haɗa 'yar fanka, daga baya ya yi wata 'yar na'ura mai kaɗa ƙararrawa idan an taɓa ƙofar garke. Ban koya masa ba, ni ma kallo na yi. Da abinci ya yi wuya a gidansu, sai ya bi mota. Yanzu baro yake turawa a wata kasuwa a Abuja. Shi ma ya yi sa'a, domin hannu mai fasaha ba ya zama banza. Idan makaranta ba ta ɗauke shi ba, akwai masu neman mai gyaran babur da mai gyaran bindiga a cikin dajin Rugu, kuma su ba su jiran kasafin kuɗi. Wannan ita ce maganar da ta hana ni barci.

Wasu kuma na tsoron wai injuna za su ƙwace aikin 'yan ƙwadago. To ai injin niƙa ya zo, ya hutar da mata daga dutsen niƙa, ya kuma ba irina abinci. Injin zai zo ko muna so ko ba mu so. Tambayar ita ce, mu za mu ƙera shi mu gyara, ko kuwa kullum sai mun sayar da buhun gero mun sayo ƙirar Sin, in ƙaramin abu ya ƙone a ciki mu jefar?

Don haka ga kirana. Na farko ga mai girma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa: yadda aka kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, a sa irin wannan himma wajen tsare makarantun kimiyya da na koyon sana'a na yammacin jihar, domin ɗan sauƙin da aka samu bayan sulhun 2025 ba shi da amfani idan ajujuwa na kulle.

Na biyu ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-ma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman: ku haɗu ku shirya tamu gasar duk shekara. Kada ku jira Mongoliya. Manoma su ba da aikin: bana injin ɓarar gyaɗa, baɗi injin shuka, wata shekarar famfon rijiya. A sa sharaɗi cewa kayan haɗin a same su a kasuwannin jiha, kuma kowace ƙungiya ta ɗauki maƙeri ko mai walda guda daga ƙauye. Asusun TETFund ai don irin wannan aka kafa shi.

Na uku ga gidan rediyo da talabijin na jiha: can ma 'yan watsa labarai ne suka ɗauki nauyin gasar. Ku nuna ta kamar yadda ake nuna dambe da kokawa, yaro ya ga ana yi wa mai ƙira kirari.

Na huɗu ga shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana da attajiranmu: kuɗin buhunan shinkafar da ake rabawa lokacin siyasa, kaɗan daga ciki zai sayi injin walda da kayan aiki a sakandare guda.

Na ƙarshe gare mu iyaye. In ka ga ɗanka ya kwance tocila don ya ga cikinta, kada ka fara da bulala. Ka kai shi wurin mai sana'a, ka kuma bar shi a makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, ya dawo mana da yaranmu gida, amin.

Naka,
Mai gyaran injin ban-ruwa,
Bakin Kasuwa, Batsari,
Jihar Katsina.