Super Mario Na 1985: Hoto Ya Tsufa, Tsalle Na Nan Daram

Ranar 13 ga Satumba, 1985, kamfanin Nintendo na birnin Kyoto ya saki wani kaset ɗin gem a kasuwannin Japan mai suna Super Mario Bros. Duk abin da ke cikinsa, hotuna da kiɗa da matakai talatin da biyu, bai wuce kilobayit 40 ba, wato hoto guda da ake turawa ta WhatsApp a yau kan fi shi nauyi. An sayar da sama da kwafi miliyan 40, ban da na jabu da ba wanda ya ƙirga, irin kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ke alƙawarin wasanni dubbai alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa, wanda ta hanyarsa yara da yawa a garuruwanmu suka fara sanin gajeren mutumin nan mai gashin baki da jar hula. Kimanin shekara arba'in ke nan. A harkar na'ura, inda wayar bara kan zama tsohon yayi bana, wannan tsufa ne tukuf. Abin tambaya shi ne ko wasan yana da sauran abin da zai ba wanda bai taɓa riƙe shi yana yaro ba. Ra'ayina shi ne yana da shi, kuma a yatsu ake gane hakan kafin ido ya gani.

A fara da tsallen, domin shi ne wasan gaba ɗaya. A Donkey Kong na 1981, inda Mario ya fara bayyana, tsalle iri ɗaya ne: da ka danna ya tashi, ya sauka inda lissafi ya ajiye shi, ba ka da ta cewa a tsakani. Haka ma Castlevania na 1986, wanda ya zo daga baya, idan jaruminsa ya bar ƙasa to sai dai ka zuba ido. A Super Mario Bros. kuwa, Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka da masu rubuta musu manhaja sun ba Mario nauyin jiki. Ba ya tashi da gudu nan take, a hankali yake ɗaukar sauri. Ba ya tsayawa cak, sai ya ɗan zame, kuma idan ka juya shi yana tsakiyar gudu sai ka ga ya ja birki. Ka taɓa maɓallin A kaɗan ya yi ɗan tsalle, ka riƙe shi ya yi sama, ka haɗa da B ya ci nisa, yana cikin iska ma kana iya ɗan karkata shi. Maɓalli biyu kacal da madannin juyawa, amma tsallen da za a iya fitarwa daga cikinsu ba ya ƙirguwa. Amfanin wannan shi ne duk wanda ya faɗa rami ya san daga ina kuskuren ya zo, ya san da ya jinkirta ƙiftawar ido ɗaya da ya haye, kuma wannan sanin ne ke sa hannu ya koma kan maɓalli. Sabuwar na'ura tana iya kawo hoto mafi kyau, amma ba ta da wani sabon abin da za ta ƙara wa jituwar yatsa da motsi idan an riga an daidaita ta. Ba wanda ke cewa dara ta tsufa don da tsakuwa da ramuka a ƙasa ake yin ta.

Sai kuma yadda wasan ke koyar da kansa, wanda a nan ne ya fi yawancin jikokinsa. Matakin farko ba shi da rubutun umarni ko ɗaya. Mario yana tsaye a gefen hagu yana kallon dama, gabansa fili fetal, don haka ko ba a faɗa ba ka san inda za ka nufa. Sai ga wata 'yar halitta mai ɓata rai, Goomba, tana tahowa a hankali. Wanda ya tsaya ta kashe shi bai yi babbar asara ba, domin daƙiƙa kaɗan ce da farawa, kuma ya koyi cewa sai da tsalle. A daidai wurin akwai akwatuna masu alamar tambaya suna ƙyalli a sama, tsallen kauce wa abokin gaba kan sa kai ya buge su. Daga ɗaya sai laimar kwaɗi ta fito, ta gangara dama, ta faɗo, ta bugi koren bututu, ta dawo kan Mario. Sabon ɗan wasa zai so ya guje mata don ta yi kama da abin da ya kashe shi ɗazu, amma bulon da ke samansa ya tare hanya, sai ta taɓa shi, sai ya ga ya girma. An koya masa bambancin aboki da maƙiyi ba tare da kalma ɗaya ba. Can gaba akwai matakala biyu masu gibi a tsakani, ta farko ƙasa ce a gibinta, ta biyu rami ne, wato an ba ka wurin gwaji kafin a yi maka jarrabawa. Miyamoto da kansa ya sha bayyana cewa da gangan aka jera waɗannan abubuwa. A kwatanta da gem ɗin yau da yawa, inda ake tsare mutum minti ashirin yana karanta umarni da kallon fim kafin a sakar masa linzami. Wannan ne ma ya sa yaron da bai iya Japananci ko Turanci ba, a Mosko ko a Kano, ya fahimci wasan daidai da ɗan Tokyo.

Mai suka zai fara da ido: hotunan 'yan murabba'i ne, launuka kaɗan, kiɗan kamar kukan na'ura. Gaskiya ne, kuma talaucin ya fi yadda ake zato. Gajimaren sama da ciyayin ƙasa zane ɗaya ne aka sauya wa launi don a tsimi wuri a kaset. Gashin bakin Mario da hularsa ma dabarar ɓoye gazawa ce, domin baki da suma suna da wuyar zanawa da ɗigo kaɗan. Sai dai aikin hoto a wasan tsalle shi ne ya nuna maka cikin gaggawa inda za ka taka da abin da zai cutar da kai, kuma a wannan ma'auni hoton 1985 bai gaza ba, ba wani ado da ke rufe gefen rami. Kiɗan Koji Kondo kuwa an tsara shi ne ya bi takun Mario, yana ƙara sauri idan lokaci ya kusa ƙarewa har gaban mutum ya riƙa faɗuwa. A 2023 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin kundin sautukan da ake adanawa don tarihi, karo na farko da aka yi wa kiɗan gem wannan karamci.

Suka mafi ƙarfi ita ce cewa duk wannan yabo kewar ƙuruciya ce kawai, manya ne ke tuna lokacin da ba su da nauyin kowa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma wasu hujjojin da masoya ke kawowa ba su da amfani. Kwafin da ba a buɗe ba da aka saya dala miliyan biyu a 2021 bai nuna komai game da daɗin wasan ba, tunda wanda ya saya ba zai buga shi ba, haka ma fim ɗin 2023 da ya tara fiye da dala biliyan ɗaya suna ya sayar. Hujjar da ta fi ita ce ta masu tseren kammala wasan, waɗanda da yawansu an haife su ne bayan fitowarsa. Sun kai ga gama shi cikin ƙasa da minti biyar, kuma har yanzu suna fafatawa a kan ɓarɓashin daƙiƙa. Ba a shafe shekaru ana tonon abin da ba shi da zurfi. Sannan a 2015 Nintendo ya fitar da Super Mario Maker, ya miƙa wa jama'a bulo da bututu da kunkuru su gina nasu matakan, aka gina miliyoyi, da yawa da kamannin 1985. Masu ƙera sababbin wasannin tsalle irin su Super Meat Boy na 2010 da Celeste na 2018 kuwa, a kan tambayar da Mario ya fara amsawa suke aiki: yaya tsalle zai yi daɗi a hannu?

Duk da haka akwai inda furfura ta fito, kuma ɓoye ta rashin adalci ne. Wasan ya gaji ɗabi'ar na'urorin da ake saka wa kwabo: rai uku, agogo na ƙirgawa, ba wurin ajiye inda ka tsaya. Idan aka ɗauke wuta kana duniya ta bakwai, sai ka dawo farko. Allon ba ya komawa baya, abin da ka wuce ya wuce. Ƙarancin wuri ya sa aka maimaita wasu matakai da ɗan ƙarin wahala, mataki na 5-3 maimaicin 1-3 ne, na 7-2 kuma maimaicin 2-2. Matakan cikin ruwa suna ƙwace wa wasan abin da ya fi iyawa, su bar Mario yana iyo kamar wanda aka ɗaura wa dutse. Mafi muni su ne gidajen Bowser, babban abokin gabar Mario, na 4-4 da 7-4, inda dole ka bi wata hanya ɓoyayya ko ka yi ta zagaye wuri ɗaya, ba wata alama da za ta shiryar da kai sai cinta-cinta. Wannan ya saɓa wa hikimar matakin farko. Karo da Bowser ma kusan abu ɗaya ne har sau takwas, labarin ceto gimbiya kuwa bai kai a tsaya kansa ba.

Amma a lura da irin waɗannan laifuffuka: kusan dukkansu a marufi suke. Gwajin yana da sauƙi, kuma Nintendo ya riga ya yi shi. A na'urar Switch ana iya buga wasan tare da damar ajiye wuri da mayar da lokaci baya, kuma da aka cire azabar komawa farko, abin da ya rage bai rushe ba. Wasanni da yawa na wancan zamani ba za su tsallake wannan gwaji ba, domin wahalar ce kaɗai ke tsawaita su, a cire ta a ga ba komai a ƙasa. Ni dai ina ganin ajiye wuri gyara ne, mayar da lokaci baya kuwa ɓarna ce, don tsallen da ba a tsoron faɗuwarsa ya rasa rabin armashinsa. Masu tsara wasan ma sun san tsawonsa matsala ne, shi ya sa suka ɓoye bututan ratse a matakai na 1-2 da 4-2 masu kai mutum gaba.

Saura masu cewa Super Mario Bros. 3 na 1988 da Super Mario World na 1990 sun fi shi. Sun fi shi yalwa, ba musu, akwai taswira da tashi sama da kayan sawa iri-iri, na 1990 ma yana ajiye wuri. Wanda zai zaɓi ɗaya tak ya zauna da shi wata guda, Super Mario Bros. 3 ya fi dacewa da shi. Sai dai ƙari suka yi a kan harsashin da ba su sauya ba, kuma na farkon yana da wata tsabta da yalwa ke ragewa: gudu, tsalle, dama. Sharaɗi ɗaya ne ga mai son yi masa hukunci a yau, kada ya gwada shi a kan gilashin waya. Yatsa ba ya jin gefen maɓalli a gilashi, kuma wasu talabijin na zamani suna ɗan jinkirta hoto, jinkirin da ido ba ya kamawa amma rami na kamawa. A samo abin riƙewa mai maɓallai na gaske, a miƙa wa yaron da ya tashi da gem ɗin ƙwallon ƙafa na zamani, a yi shiru, a ƙirga minti nawa zai yi kafin ya gano da kansa cewa riƙe B na sa Mario gudu.